Inabin Cabernet Sauvignon: Tambayoyin da Manoma da Masu Saye Ke Yi a Zariya

Tun da noman inabi ya kankama a ƙaramar hukumar Kudan da ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, matasa da yawa sun shiga neman bayani a intanet kan irin da ya fi suna a duniya. Duk wanda ya yi wannan binciken kuwa, da wuya bai ci karo da sunan Cabernet Sauvignon ba. Wasu na son su san ko za a iya dasa shi a nan, wasu sun gan shi ne a jikin kwalba a kanti suna son sanin abin da ke ciki. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa. Ra'ayina tun daga farko shi ne wannan iri ba na gonarmu ba ne, amma saninsa zai hana manomi asarar kuɗi, ya kuma hana mai shiga kanti sayen abin da bai yi niyya ba.

Wai shi Cabernet Sauvignon ɗin, inabi ne ko giya?

Duka biyun. Asali sunan wani irin baƙin inabi ne, sai jar giyar da ake yi da shi ta ɗauki sunansa. Ana furta shi kusa da "Kabarne Sobinyo".

Wanda ya saba da inabin da ake tallarsa a tire zai yi mamaki idan aka miƙa masa wannan. 'Ya'yansa ƙanana ne, da ƙyar su kai rabin girman wanda muka sani. Launinsu baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, da wata farar hoda a jiki wadda ke gogewa idan ka sa yatsa. Ɓawon na da kauri, ƙwallayen ciki sun cinye wuri, tsokar 'yar kaɗan ce. Idan ka tauna, zaƙi zai fara zuwa, zaƙi mai ƙarfi ma kuwa, sannan bauri ya biyo baya ya ɗaure maka harshe kamar ka ci ɗanyar kanya. Idan bai gama nuna ba, har ƙanshin ɗanyen koren tattasai yake yi, saboda wani sinadari da su biyun ke da shi.

Daga ina ya samo asali?

Daga kudu maso yammacin Faransa, yankin birnin Bodo, wanda ake rubutawa Bordeaux a jikin kwalabe. An daɗe ana ta hasashe kan tushensa, sai a 1997 masu bincike biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Carole Meredith da John Bowers, suka wallafa sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta da ya warware zancen. Ashe ɗan auratayya ne tsakanin wani baƙin inabi mai suna Cabernet Franc da wani fari mai suna Sauvignon Blanc. Ana kyautata zaton haɗuwar ta faru ne da kanta a wata gona cikin ƙarni na 17, ba da shirin kowa ba.

Akwai abin lura a nan ga manomi. Tun daga wancan lokacin ba a yaɗa wannan iri ta hanyar shuka ƙwallo, sai dai a yanki reshe a dasa. Ƙwallon inabi ba ya maido da irin uwarsa. Don haka duk wanda ya tallata maka ƙwallaye a leda ya ce na wani shahararren iri ne, ko da gaskiya ya faɗa, abin da zai tsiro daban ne.

Me ya sa ya fi sauran suna?

Na farko dai, kuringar, wato itacen inabin, ba ta da laulayi. Takan makara wajen tohowa, sai ta tsira daga sanyin ƙarshen hunturu da ke ƙone sabon toho a Turai. Kaurin ɓawon kuma na rage ruɓewa. Baurin nan da ke hana jin daɗin cinsa shi ne ke sa giyarsa ta yi shekaru a ajiye ba ta lalace ba, abin da 'yan kasuwar Turai ke so ke nan.

Sai kuma tarihi. A 1855, lokacin baje kolin duniya na birnin Faris, Sarki Napoleon na Uku ya nemi a jera gonakin Bodo daraja-daraja. Yawancin waɗanda suka zo sama suna yankin Médoc ne, inda ƙasa ke da tsakuwa, kuma wannan inabi ne kaso mafi yawa a abin da suke haɗawa, tare da wani iri mai suna Merlot. A 1976 kuma wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasa a Faris inda alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin sunan kwalba ba. Wata Cabernet ta kwarin Napa a Kalifoniya, ta kamfanin Stag's Leap Wine Cellars, ta doke na Faransa. Wannan ya ƙarfafa wa manoman wajen Turai gwiwa. Yau ana noma shi a Amurka, Chile, Ostireliya, Sin da Afirka ta Kudu.

Rahoton da ƙungiyar inabi ta duniya, OIV, ta fitar a 2017 ya nuna yana kan hekta kusan 341,000, wato ya fi kowane inabin giya faɗin gona. Sai dai a wannan rahoton, irin da ya zo na ɗaya gaba ɗaya inabin ci ne mai suna Kyoho, da hekta kusan 365,000, galibi a ƙasar Sin. Ina so manomanmu su riƙe wannan: a wancan lissafi na 2017, inabin da ya fi kowanne faɗin gona a duniya na ci ne.

Ta yaya inabi ke komawa giya, kuma daga ina jan launin ke zuwa?

Idan ka matse baƙin inabi a hankali, ruwan da zai fito kusan fari ne. Launin duk a ɓawo yake. Masu yin jar giya kan bar ruwan ya jiƙu da ɓawon da ƙwallayen tsawon kwanaki ko makonni, shi ne ja da bauri ke shiga. A cikin wannan lokacin yis ke cinye sikarin, ya mayar da shi sinadarin maye da iskar da ke sa kumfa. Bayan nan a zuba a gangunan katako, waɗanda a Bodo kan ci lita 225, ta yi shekara ɗaya ko biyu. Abin da ke fitowa yakan ƙunshi sinadarin maye kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, wato kusan ninki uku na biya, giyar kwalba da aka saba gani.

Mene ne bambancinsa da inabin da ake nomawa a Kudan?

Manufa ce ta bambanta su. Inabin ci an zaɓo shi ne don ido da baki: manyan 'ya'ya, ɓawo marar kauri, tsoka mai yawa, ƙwallo kaɗan ko babu, da jure tafiya a mota. Akan tsinke shi sikarinsa na wajen kashi 16 zuwa 19 cikin ɗari. Na giya kuwa ana barinsa sai sikarin ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, lokacin ya yi laushi har ba zai kwana biyu a kasuwa ba. Manomin inabin ci na murna idan rumfa ta cika da 'ya'ya. Manomin Cabernet da gangan yake rage yabanya, wani lokaci ya yanke nonon inabi tun yana ɗanye ya zubar, don wanda ya rage ya yi ƙarfi. Mai sayarwa da kilo ba zai ci riba da irin wannan lissafi ba.

Malam, zai iya yi a ƙasar Zazzau?

Kuringar za ta rayu, za ta kuma yi 'ya'ya. Ana noma shi a wurare masu zafi, kamar Nashik a Indiya, da kwarin kogin São Francisco a Birazil, da yankin Ziway a Habasha. Amma rayuwar kuringa daban, samun 'ya'ya masu inganci daban.

Inabi tsiro ne na ƙasashen da ke da hunturu na gaske. A can sanyi ke sa ya zubar da ganye ya huta watanni, ya farka da ƙarfinsa. A Zariya sanyinmu bai kai ya sa shi hutawa ba, don haka manomi ne ke tsara masa shekara da almakashi. Tsarin da manoman Indiya ke bi, wanda ya dace da yanayinmu, shi ne datse rassa sau biyu: ɗaya bayan girbi don kuringa ta fitar da sababbin rassa ta tara ƙarfi, ɗaya kuma da ɗaukewar damina, wajen Oktoba, wanda shi ne ke kawo fure. Hikimar ita ce 'ya'ya su girma su nuna cikin rani. Daminarmu, daga Mayu zuwa Oktoba, kan kawo ruwa wajen milimita 1,000, kuma babu abin da inabi mai nuna ya ƙi kamar ruwan sama: 'ya'yan su tsattsage, fumfuna ta kama ganye.

Hunturunmu kuwa alheri ne ga mai inabi. Iska a bushe, rana wadatacciya, dare da sanyi. Sanyin daren nan ne ke taimaka wa baƙin inabi ya yi launi. A nan matsalar Cabernet take, domin yana cikin irin da ke jinkirin nuna. Kafin ya kai, sanyi ya wuce, an shiga zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana kan doshi digiri 40. Irin wannan zafi na dusar da launin ɓawo, ya ƙone tsamin cikin 'ya'yan, ya yanƙwane su tun a kan rumfa.

Sai ka haɗa da kuɗin da za a kashe kafin a tsinki ko ƙwaya: rijiyar burtsatse ko tafki don ban-ruwa, ginshiƙai da waya na rumfa, taki, magani, ragar kare tsuntsaye, yaƙi da gara, da ladan ma'aikata. Duk wannan iri ɗaya ne ko wane inabi ka dasa. Kuringa kuma ba masara ba ce da za ka sauya iri baɗi. Shekaru da dama take yi a gona.

To in ya yi kyau, wa zai saya?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. Mai sayen kayan marmari a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, ko dillalin da zai loda zuwa Abuja da Legas, manyan 'ya'ya yake nema masu daɗin ci. Ƙananan 'ya'ya masu bauri da ƙwallo ba za su shiga ba. Mai sayen wannan iri da daraja guda ɗaya ne, shi ne mai yin giya. Nan kuma maganar ta bar hannun malamin gona ta koma hannun malamin addini.

Mene ne hukuncin noma shi a Musulunci?

Shi inabi a kan kansa halal ne, kowane iri ne. Alƙur'ani ya ambace shi cikin ni'imomin Allah a wurare da dama. Giya ce aka haramta, kuma hanin ya zo daki-daki: aya ta 219 a Suratul Baƙara, sai ta 43 a Suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe a aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Hadisi ya tabbata cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Akwai kuma hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, cikinsu har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta.

A kan haka ne mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Wanda ya kai inabin ci kasuwa ba a ɗora masa binciken zuciyar kowane mai saye ba. Amma wanda ya cika gona da irin da kasuwarsa guda ce tak, ai ya san inda kayan za su tun ranar dashe. Mai wata mas'ala ta musamman, misali wanda aka yi wa tayin kwangilar noma, ya zauna da malaminsa ya zayyana masa komai kafin ya sa hannu. Zariya dai ba ta rasa malamai ba.

An ce jar giya na gyara zuciya. Gaskiya ne?

Wannan magana ta bazu ne tun 1991, bayan wani shirin talabijin a Amurka ya yayata cewa Faransawa na cin maiƙo da yawa amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, aka danganta hakan da jar giya. Daga baya aka riƙa ambaton wani sinadari da ke cikin ɓawon inabi mai suna resberatirol. Binciken da ya biyo baya ya nuna raunin wannan hujja. Adadin sinadarin a cikin kofi ɗaya kaɗan ne ƙwarai. Sannan a yawancin tsofaffin binciken, an cusa waɗanda suka daina sha saboda rashin lafiya cikin rukunin marasa sha, sai masu shan kaɗan suka fito kamar sun fi lafiya.

Tun 1988 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo cutar. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa, kuma ƙididdigarta ta nuna mutum miliyan 2.6 ne suka mutu sanadin barasa a 2019. Abin da ake nema a ɓawon inabi yake. Mai so ya wanke inabinsa ya ci da ɓawon. Mai ciwon sukari dai ya yi hattara da yawansa.

Kwalaben da ake kawowa wajen biki fa, masu kama da na giya?

Wannan ya fi shafar yawancinmu fiye da batun gona. Iri uku ne, kuma kwalabensu na kama da juna, har a wasu kantunan a jere suke a kanta ɗaya.

Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa iska don ya yi kumfa, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai giya ta sosai. Akwai kuma ta tsakiya, wadda aka fara yin ta giya sannan aka cire mata sinadarin maye da inji. Ita wannan takan zo da sunan inabin a jiki, har da Cabernet Sauvignon, kuma a ƙasashe da dama doka ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin ɗari a ciki. Malamai da hukumomin tantance halal sun saɓa a kanta, da yawansu ba su yarda da ita ba saboda asalinta. Ni dai ina ganin barinta ya fi kwanciyar hankali, tunda ga ruwan inabi zalla nan a wadace.

Kafin ka biya kuɗi, juya kwalbar ka duba ƙasan takardar. Nemi lamba mai alamar % kusa da "Alc." ko "vol". In ka ga 12 ko 13.5 ko 14, giya ce, ko da an zana kyawawan 'ya'yan itace a gaba. In ka ga "dealcoholised" ko "alcohol removed", ta tsakiyar ce. Ka kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Uwar biki da za ta aiki yaro sayo katan-katan, ta ba shi sunan abin da take so a rubuce, kada ta ce masa kawai ya sayo na inabi.

Hajiya ta matse inabi a gida, bayan kwana biyu ya fara kumfa. Me ya faru?

Ya fara juyawa. A jikin ɓawon inabi akwai yis na halitta, kuma a zafin Zariya ba ya ɓata lokaci. Alamunsa: ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa, robar ta kumbura ta yi tauri, murfin ya yi tsaki idan an buɗe, ƙanshin ya sauya, zaƙin ya ragu. Idan ya kai haka, a zubar. Ya zo a hadisin Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma ba a ajiye shi.

Maganin abin shi ne a sha a ranar, ko a sa a firji in akwai wuta, ko a ɗora a wuta har ya kusa tafasa a zuba a kwalba mai tsabta tun da zafinsa a rufe. Wannan dabara ce wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya yi amfani da ita a 1869, domin majami'arsa ta samu ruwan inabi marar maye. Har yau majami'u da dama irin wannan suke amfani da shi.

Khal ɗin inabi fa?

Idan giya ta sha iska, wasu ƙwayoyin halitta kan mayar da sinadarin mayen ya koma tsami, shi ne khal. Malamai sun haɗu a kan halaccin wanda ya juya da kansa, sun saɓa a kan wanda aka juya da gangan. Girki da giya kuwa wani abu ne daban, kuma ba gaskiya ba ne cewa wuta na ƙone ta duka. Gwajin da aka yi a Amurka ya nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na nan.

Akwai abin da manominmu zai koya daga masu noman wannan inabi?

Akwai sosai, kuma nan ne na fi ganin amfanin karanta tarihinsu. A shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa da ya shigo daga Amurka ya halaka gonakin inabin Faransa masu ɗimbin yawa. Abin da ya cece su shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗora reshen irin da ake so a kan gindin inabin Amurka mai jure ƙwaron. Manoman Indiya ma na aura inabinsu a kan wani gindi mai suna Dogridge saboda jure fari da gishirin ƙasa. Don haka mai sayen dashe ya tambayi abu biyu, sunan na sama da sunan na ƙasa.

Sai maganin fumfuna. A 1882 wani masanin tsirrai, Millardet, yana wucewa ta wata gona a Médoc ya lura cewa kuringun bakin hanya na da ganyensu kore shar, na ciki kuwa cuta ta kakkaɓe su. Da ya bincika, sai ya ji ashe mai gonar ne ke yayyafa wa na bakin hanya haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa, don su yi shuɗi masu wucewa su ji tsoron tsinka. Daga nan aka samu maganin da ake kira haɗin Bodo, wanda aka bayyana a 1885, kuma magungunan jan ƙarfe da ake fesawa a gonaki yau jikokinsa ne.

Gargaɗi ɗaya: a ƙasashe masu zafi akan shafa wa idon reshe wani magani bayan datsa don ya toho lokaci guda. Yana da guba, yana ƙona fata. Kada a bar yaran gona su taɓa shi ba safar hannu da takunkumi.

To wane iri za mu dasa?

Na ci, kuma wanda ka ga ya yi 'ya'ya da idonka a ƙasa irin taka. Kafin ka sayi dashe, je gonakin Hunkuyi da kewaye lokacin girbi, ka ɗanɗana, ka tambayi shekarun kuringar, ka ji yadda ta yi da damina. Ka kai ƙasarka da ruwan rijiyarka a gwada, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa, NAERLS, nan a Jami'ar Ahmadu Bello. Fara da 'yan layuka, kuma ka san mai sayenka tun kafin fure.

Mai tunanin abin da zai yi da rarar da kasuwa ba ta ɗauka ba, ya duba zabibi. Irin da aka fi busarwa a duniya shi ne marar ƙwallo da ake kira Thompson Seedless ko Sultana, kuma kilo huɗu na ɗanye kan ba da kusan kilo ɗaya na busasshe. Girbinmu na zuwa ne cikin rani, lokacin da iska ke a bushe, don haka rumfar shanya mai inuwa da raga saboda ƙura da ƙuda ta isa a fara gwaji.